Murhun da ke cin hayaƙinsa

Wata uwargida daga Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure, ta aiko da tambaya. Ɗanta ya kawo mata murhun ƙarfe, ya ce itace yake mayarwa gas. Tun da ta ji an ambaci gas ta jingine shi a zaure, kada ya fashe.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Tukunyar gas tana fashewa ne don an matse iska a cikinta an kulle. Wannan murhu bakinsa a buɗe yake, ba ya tara komai. Gas ɗin na fitowa yana ƙonewa.

Hayaƙin nan da ke sa ki hawaye a murhun gargajiya makamashi ne da ya tsere bai ƙone ba, shi wannan murhu yake tarewa. Gwangwani biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Za ki cika na ciki da makamashi, ki kunna wuta daga sama, ba daga ƙasa ba yadda muka saba. Iska kaɗan ke shiga ta hujojin gindi, zafi ya riƙa sauka sannu a hankali yana gasa makamashin, hayaƙi na tashi. Wata iskar kuma ta bi tsakanin gwangwanayen ta ɗau zafi, ta ɓullo ta hujojin sama ta haɗu da hayaƙin, sai ya kama da wuta. Wani masani Ba'amurke, Thomas Reed, ya fito da wannan tsari a 1985.

A Turai da Amurka dunƙulen garin katako suke zubawa, masu kaurin milimita 6 zuwa 8. Kada ki wahalar da kanki nemansu. Totuwar masara, ɓawon gyaɗa da karan dawa da aka daddatsa ƙanana duk suna yi, muddin sun bushe ƙayau. Ƙaiƙayi ko garin katako zalla kuwa toshe hanyar iska suke, ki tashi da hayaƙi ba wuta. Kuma in ya kama, bar shi. Ƙara makamashi a tsakiyar girki yakan kashe harshen wutar.

Inda nake jin tsoro daban ne. Idan harshen ya mutu, garwashi ke saura, shi kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Da ciwon kai da jiri take farawa, ta kashe mutum yana barci. Na san halin hunturu a ƙasar Daura, amma kada sanyi ya sa ki shigar da murhun ɗaki don jin ɗumi. A tsakar gida ko madafa mai iska za ki yi girki, a daɓe mai lebur, nesa da danni da hannun yara, domin jikinsa yana ɗaukar zafi ƙwarai.

In kin sauke tukunya, juye garwashin a gwangwani mai murfi, ko ki yayyafa masa ruwa. Gawayi ne mai kyau, ya isa ki dafa shayin safe.