Darasin Sana'a: Mai Jitar Bes, Kayan Aikinsa da Haƙƙinsa

Darasinmu na wannan fitowa domin matasanmu ne masu kaɗa jitar bes, wato doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta take fitowa daga ƙasa kamar rugugin hadari. Yawancinsu sun koye ta ne a ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiya. Yanzu ana gayyatarsu bikin aure, bikin suna da wasan ƙarshen shekara na makarantu, ɗan kuɗi kuma ya fara shigowa. Amma kayan suna da tsada, wuta ba ta da tabbas, masu gayyata kuma ba duka ne suke cika alkawari ba. Muna roƙon iyaye da shugabannin matasa su karanta wannan tare da su.

Mu san abin da muke riƙe

A shekarar 1951 ne wani mai gyaran rediyo a Amurka, Leo Fender, ya fito da jitar da ya kira Precision Bass. Kafin nan makaɗa suna fama ne da wata ƙatuwar bes ta katako mai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ganguna suna danne muryarta. A 1960 ya ƙara fito da Jazz Bass mai siririn wuya. Yawancin waɗanda muke gani a kasuwanninmu kwaikwayon waɗannan biyun ne.

Ana saita tsirkiyoyin huɗu a kan E, A, D da G. Mafi kaurinsu, wato E, tana kaɗawa kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Idan bes ɗin mai tsirkiya biyar ce, ta biyar ɗin tana sauka zuwa kamar sau 31. Me ya sa muka kawo wannan lissafi? Domin murya mai zurfi haka sai an tura iska mai yawa kafin kunne ya ji ta, tura iska kuwa aikin babbar lasifika ne da amfilifaya mai ƙarfi. Wanda ya jona bes a ƙaramar amfilifayar jita ta yau da kullum ya ƙure mata ƙara, ba da daɗewa ba takardar lasifikar za ta yage. Saboda haka idan muna tara kuɗi, kada jita ta cinye duka. A ganinmu gara bes ta hannu mai lafiya da amfilifaya ta kirki, da sabuwar bes mai ƙyalli wadda ba ta da abin da zai fitar da muryarta.

In za mu saya, mu je da wanda ya iya. A ɗaga jitar a hangi wuyanta daga kai zuwa gindi, yadda kafinta yake duba katako. Ɗan lanƙwasa ba matsala ba ce, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake daidaita shi da ita. Amma wuyan da ya murɗe, a bar wa mai shago kayansa. A danna kowane gida a kan kowace tsirkiya a saurara, a juya maɓallan ƙara, a girgiza waya a bakin raminta a ji ko sauti yana yankewa. Sunan da aka rubuta a kan jita ba shaida ba ne, don manna suna ba shi da wuya. Squier, Yamaha da Ibanez suna da masu sauƙin kuɗi da za su yi shekaru suna aiki.

Jita katako ce, katako kuwa yana jin yanayi. Da hunturu yakan bushe ya tsuke, har bakin ƙarafan wuyan su fito suna kartar hannu. Da damina ya kumbura. Idan tsirkiya ta yi nisa da wuya ko ta fara zuza, a juya sandar nan kwata ɗaya kawai, a bari ta kwana kafin a ƙara. In ta ƙi juyawa kada a tilasta mata, domin in ta karye gyaran zai iya fin kuɗin jitar. Kada a bar ta cikin rufaffiyar mota da rana. A goge tsirkiya da tsumma bayan kowane wasa, don gumi ne yake kashe ta. Tsofaffin makaɗa sukan dafa tsirkiyar da ta mutu a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, su shanya ta sosai, muryar ta dawo na ɗan lokaci. Dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce, tana kuma aiki sau ɗaya ko biyu.

Wuta

A nan za mu ɗan daɗe, domin a nan ne ake asarar kaya, wani lokaci har da rai.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar gwanjo da ta fito daga can, in aka jona ta kai tsaye, ƙauri kawai za a ji. A karanta abin da aka rubuta a bayanta tukuna. In 120 ce, sai da taransifoma mai rage wuta. A wurin da ake amfani da janareta, kada amfilifaya ta kasance a kunne lokacin da ake tayar da shi ko kashe shi, don a lokacin ne wuta take hawa da sauka. Ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce ta farkon kashewa. Sitabilaiza ba ta kai kuɗin gyara ɗaya ba.

Akwai kuma lissafin da ake kira om, wanda aka rubuta a bayan kowane akwatin lasifika. Akwati biyu masu om 8 in aka haɗa su yadda aka saba, sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama om 2. Idan bayan amfilifaya ya ce kada a sauka ƙasa da 4, to, kada a sauka, ko da mai biki yana cewa a ƙara ƙara. Za ta yi zafi ta ƙone.

Abin da ya fi duka shi ne wayar ƙasa, wato ƙafa ta uku a jikin fulogi. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar jita. Idan wani abu ya lalace a ciki kuma babu wayar ƙasa, wuta za ta bi ta hannun makaɗi. In ya taɓa makirufo da ɗaya hannun ko da leɓe, sai ta ratsa ta ƙirjinsa. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Suwansi na ƙasar Birtaniya, a gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Mu kuwa sau nawa muke ganin an karya ƙafa ta uku don fulogi ya shiga soket, ko an cusa waya tsirara an tokare ta da tsinken ashana? Kada mu yarda da wannan. Kada mu yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda ya ji makirufo yana ɗan cizon leɓensa ya tsaya nan take a duba, ba abin dariya ba ne. In wuta ta kama wani, a fara kashe ta daga tushe kafin a taɓa shi.

Kunne ma kayan aiki ne, shi kuma ba a sayar da shi. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, awa 8 ne iyakarta a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A 100 minti 15 ne kawai ya rage. Mai bes kuwa wurin tsayuwarsa kusa da mai ganga ne. In mun dawo gida kunne yana kuka, ya riga ya ji rauni. Abin toshe kunne na roba ba shi da tsada.

Magana kafin kiɗa

Sunan James Jamerson bai kai na mawaƙan da ya yi wa aiki ba, amma shi ne ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Ditiroit cikin shekarun 1960. A lokacin kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗa a jikin faifai. Sai a 1971 sunansa ya fito a faifan Marvin Gaye. Ya rasu a 1983 yana da shekara 47, yawancin masu rawa da kiɗansa ba su san shi ba. Aston Barrett, mai bes na Bob Marley, ya kai ƙara kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa. A 2006 alƙali ya kori ƙarar, domin ya riga ya sa hannu a wata yarjejeniya a 1994 wadda ta rufe wannan ƙofa. Waɗannan gwanaye ne na duniya. Ina ga ɗan'uwanmu da aka kira shi biki a ƙauyen gaba?

Saboda haka a gama magana kafin a ɗauki jita. Nawa ne kuɗin? Wa zai biya motar kaya, zuwa da dawowa? Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi? Kuɗin liƙi na mawaƙi ne shi kaɗai ko za a raba? Wannan tambaya ta ƙarshe ta watsa ƙungiyoyi da yawa. A karɓi kafin alƙalami, a kuma sa maganar cikin saƙon waya don ta zama shaida. Kunya ba ta biyan kuɗin mota. Kowace takarda aka ba mu, mu kai wa wanda ya iya karatu ya fassara mana kafin mu sa hannu. Daga kowane aiki a cire wani kaso a ajiye domin tsirkiya, waya da gyara, ko a shiga adashi da shi.

Mu kuma san cewa mai kibod yana iya yin aikin bes da hannunsa na hagu, don haka idan kuɗin biki ya gaza, mai bes ake fara sallama. Wanda ake ci gaba da kira shi ne wanda ya iso da wuri, ya san waƙoƙin tun daga gida, hannunsa kuma yake tafiya tare da ƙafar mai ganga ba tare da yawan burga ba. A jakarsa akwai waya ta biyu, tsohuwar tsirkiya ta ko-ta-kwana, da batir mai bolt 9 in jitarsa mai batir ce. Irin wannan jita tana cin batir muddin waya tana jone, don haka a zare ta in an tashi.

Sai maganar aro. Da yawa cikin matasanmu da jitar ikilisiya ko ta ƙungiya suke fita aiki. Kada a ɗauke ta a ɓoye. A nemi izinin dattawa, a rubuta a littafi ranar fita da ranar dawowa, a kuma amince tun farko a kan wanda zai biya gyara in ta lalace, da ɗan abin da za a riƙa sa wa a asusun kayan kiɗa daga kowane aiki.