Yadda Masu Gina Python Suke Mulkin Kansu Ba Tare da Oga Ba

Duk lokacin da ka buɗe Instagram a wayarka, babban ɓangare na aikin da ke gudana a manyan kwamfutocin kamfanin da yaren Python aka rubuta shi. Masu gina wannan yare suna warwatse a ƙasashe daban-daban, da yawansu aikin sa-kai suke yi, kuma ba su da manajan da zai ba su umarni. To idan suka saɓa, wa ke raba gardama? Darasinmu na yau ke nan.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, shi ya fitar da Python a 1991, kuma ya yi shekara 27 maganarsa ce ta ƙarshe. Mai son a sauya wani abu a yaren sai ya rubuta takardar shawara da ake kira PEP, a tafka muhawara a fili, Guido ya yanke hukunci. A 2018 aka kawo PEP 572, wadda ta nemi a ƙara wata ƴar alama, wato :=, cikin yaren. Cece-kuce ya yi zafi ƙwarai. Guido ya amince da shawarar, amma ranar 12 ga Yuli ya sauka daga kujerarsa, bai kuma naɗa magaji ba.

Nan aka ga raunin tsarin: komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ba a taɓa rubuta abin da za a yi in ya tafi ba. Sai jigogin masu gina yaren suka gabatar da tsare-tsaren mulki iri-iri, suka kaɗa ƙuri'a a Disambar 2018, suka zaɓi majalisar mutum 5.

Dokokin majalisar suna cikin PEP 13, kuma su ne suka fi cancantar ka tsaya a kansu. Jigogin ne ke zaɓen ƴan majalisa, ana kuma sake zaɓe bayan fitowar kowane babban sabon zubi na yaren, wanda yanzu shekara-shekara ne. Ba a yarda fiye da mutum 2 su fito daga kamfani ɗaya ba, don kada wani mai kuɗi ya ɗauki ƴan majalisar aiki ya mallake yaren ta bayan gida. Idan majalisa ta kauce hanya, kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun isa su tsige ta. An kuma buƙaci ta rage amfani da ikonta gwargwadon hali, ta fara neman a daidaita, ta miƙa hukunci ga wanda ya fi sanin fannin.

A ganina dokar tsigewa ce ta fi muhimmanci. Idan ku biyar ne kuke haɗa manhaja, sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya ko mai riƙe da kalmar sirrin asusun shi ke zama oga a ɓoye, alhali ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma hanyar sauke shi. Shafi ɗaya ya ishe ku: wa ke amincewa da sabon aiki, kwana nawa ake jiran mai ƙorafi, ƙuri'a nawa ke yanke hukunci.

An zaɓi majalisar farko a Fabrairun 2019, Guido yana cikinta da ƙuri'a ɗaya kamar kowa. Alamar da ta jawo rigimar kuwa ta shigo cikin Python 3.8 a watan Oktoba na wannan shekarar.