Darasi na Goma Sha Huɗu: Fara Ɗaga Ƙarfe a Hannun Mai Horarwa

Gabatarwa

Ɗaga ƙarfe wani nau'i ne na motsa jiki da ake yi domin ƙarfafa tsoka da ƙashi. A da, akan ɗauke shi aikin 'yan dambe da 'yan kokawa da samari masu son nuna ƙwanji. A yau kuwa likitoci suna ba maza da mata, har da dattawa, shawarar yin sa, domin tsokar ɗan'adam tana fara raguwa sannu a hankali da zarar ya haura shekara 30. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci kowane baligi da ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Sai dai ƙarfe ba ya tausayin wanda bai san kansa ba. Wannan ne ya sa mai farawa yake bukatar mai horarwa, wanda wasu ke kira koci.

Tushen Horon

Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, mutumin garin Kuroton da ke kudancin Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ce kullum yakan saɓi ɗan maraƙi a kafaɗa ya yi yawo da shi. Maraƙi yana girma, ƙarfin Milo yana ƙaruwa, har aka wayi gari bijimi yake ɗauka. Ko da labarin almara ne, darasinsa gaskiya ne: jiki yana ƙara ƙarfi idan ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan.

Wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme ya kawo wannan hikima asibiti. A shekarar 1945 ya bayyana yadda ɗaga nauyi ya taimaka wa sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 kuma, shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka fito da tsarin zubi uku, kowane zubi ɗagawa goma. Har yanzu masu horarwa da yawa a kan irin wannan tsari suke ɗora sabon shiga.

Zaɓen Mai Horarwa

Ba duk mai faɗin ƙirji ne ya iya koyarwa ba. Wajibi ne mai farawa ya nemi ganin takardar shaidar koci, ya tambayi waɗanda suka taɓa horo a hannunsa, kuma su daidaita a kan kuɗi da lokaci tun kafin a taɓa ƙarfe. Mace tana da damar neman mace 'yar'uwarta ta horar da ita.

Akan gane kocin kirki tun ranar farko, domin tambaya yake fara yi. Zai so ya san shekarun ɗalibinsa, da irin aikinsa, da abin da yake nema, da kuma ko yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko ƙaba, ko tsohon ciwon baya. Zai kuma tambayi batun sikila, wadda ta yawaita tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, saboda wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa tana da haɗari ga mai ita, har ma ga wanda ke ɗauke da rabin gadonta. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan larurori, likita zai fara gani. Kocin da ya miƙa wa baƙo ƙarfe ba tare da ya tambaye shi komai ba, abin gudu ne.

Makonnin Farko

Kowane zama yana farawa da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma. Daga nan sai koci ya koyar da manyan motsi: tsugunawa da miƙewa, ɗaukar nauyi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, tura nauyi daga ƙirji, da jawo shi zuwa ga jiki. Sau da yawa da sandar ƙarfe tsura ake farawa, wadda ta maza kilo 20 ce, ta mata kuma kilo 15. Wani ma da nauyin jikinsa kaɗai zai fara. Nauyin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da tsayuwarsa ta karkace ba. Akan fitar da numfashi yayin ɗagawa, a ja shi yayin saukewa, saboda riƙe numfashi yana sa jini ya hau.

Ɗalibi zai ji tsamin jiki, wanda yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan horo, sa'an nan ya lafa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma suka mai zafi a gaɓa, ko ciwon ƙirji, ko jiri, alama ce ta a ajiye ƙarfe nan take. Idan kuwa tsoka ta kumbura, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to, sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, don tsokar da ta farfashe tana iya lalata ƙoda.

Tsoka ba a wurin horo take girma ba, a lokacin hutu ne. Saboda haka akan bar wadda aka wahalar ta huta kamar kwana biyu, a samu isasshen barci, a ci abinci mai gina jiki irin su wake da ƙwai da kifi da nono da gyaɗa. A watan azumi, mutane da dama sukan rage nauyi, su mayar da horo bayan shan ruwa.

Tarkon Gaggawa

Ƙarfi yakan ƙaru tun makonnin farko, amma cikar dantse ba ta bayyana sai bayan wata biyu ko fiye. A wannan tsakani ne wasu ke ƙosawa, su faɗa hannun masu sayar da allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka. Waɗannan magunguna suna illata zuciya da hanta, suna kuma rage ƙarfin haihuwa ga namiji. Kocin da ya tallata su ya ci amanar ɗalibinsa. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kammalawa

Aikin mai horarwa shi ne ya koya wa ɗalibi yadda zai ɗaga ƙarfe lafiya, ya riƙa rubuta nauyin da ya ɗaga a kowane zama, har ranar da zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Ma'anar Kalmomi

Ƙwanji: ƙarfin dantse.
Zubi: adadin ɗagawa a jere kafin a huta.
Tsura: abu shi kaɗai, ba ƙari.
Ƙaba: ɓullowar hanji ta wurin da naman ciki ya yi rauni.

Auna Fahimta

1. Wane darasi ne ke cikin labarin Milo?
2. Kawo tambayoyi huɗu da koci zai yi wa sabon ɗalibi.
3. Bambanta tsamin jiki da ciwon da ke bukatar likita.
4. Kawo karin magana biyu da suka yi daidai da wadda ke cikin darasin.

Jinga

Rubuta hira ta layi goma tsakanin koci da wani dattijo da ya zo fara horo, tare da kiyaye kalmomin girmamawa.