KAMA DA WANE BA TA WANE: DALILIN DA YA SA SABON ƘARFE KAN ƘI SHIGA TSOHON INJI

Gabatarwa

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda noman masara da auduga da dawa ya bunƙasa, ba baƙon abu ba ne a ga tarakta ko injin ban ruwa ya kwana biyu a ajiye saboda ɗan ƙarfe guda. Sau da yawa an sayo ƙarfen, a ido kuma ba shi da bambanci da wanda ya lalace, amma da bakanike ya zo ɗaurawa sai ya ƙi zama. Idan hakan ta faru a farkon damina, manomi na iya rasa lokacin huɗa da shuka. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, kuma za ta fara ne daga tarihin ƙirar bindiga, domin a can aka soma warware matsalar.

Daga maƙera zuwa masana'anta

Maƙerin gargajiya da ke ƙera wa maharba bindigar toka yakan gyara kowane ɓangare da magagari har sai ya dace da ɗan'uwansa. Saboda haka kunamar wannan bindiga ba ta shiga waccan, ko da mutum ɗaya ne ya ƙera su. Haka abin yake a Turai har zuwa ƙarni na 18.

A shekarar 1785 wani maƙeri Bafaranshe, Honoré Blanc, ya wargaza na'urorin kunna wuta na bindigogi da yawa, ya cakuɗa sassansu, sannan aka sake harhaɗa su ba tare da zaɓe ba, suka kuma yi aiki. A Amurka, Eli Whitney, wanda ya yi suna wajen ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, ya karɓi kwangilar bindigogi 10,000 a 1798, sunansa kuma ya shahara a kan wannan tsari. Sai dai bincike ya nuna daga baya cewa da hannu aka daidaita sassan bindigoginsa. Wanda ya cim ma burin sosai shi ne John Hall, a masana'antar Harpers Ferry, cikin shekarun 1820. Dabararsa ita ce amfani da injuna da ma'aunai tsayayyu, ta yadda duk ƙarfen da bai wuce gwajin ma'auni ba ba a karɓarsa.

Iyakar kuskure

Babu injin da zai fitar da ƙarafa biyu daidai wa daida. Abin da injiniyoyi ke yi shi ne ƙayyade iyakar kuskuren da za a lamunta. Alal misali, ana iya cewa kaurin sanda ya zama milimita 10, kada ya ɗara ko ya gaza da fiye da milimita 0.02. Idan ramin da za ta shiga shi ma an ƙayyade masa tasa iyakar, to duk sandar da aka ɗauko za ta zauna. Wannan bambanci bai kai kaurin silin gashi ba, don haka ido ba ya ganinsa.

Misali daga bindigogin soja

A bindiga mai ɗura kanta, wato wadda ke tura sabon harsashi da kanta bayan kowane harbi, akwai gangar jiki wadda sauran sassa ke ɗafe da ita. Duk canjin da aka yi wa gangar jikin yakan shafi abin da zai dace da ita.

Kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya tsara bindigar FAL da awon milimita. Da Ingila ta ɗauke ta a shekarun 1950, sai ta sake zana ta da awon inci, ta yi wasu gyare-gyare, ta raɗa mata suna L1A1. Duka biyun harsashi iri ɗaya suke ci, mai milimita 7.62, kuma daga nesa ba a rarrabe su. Duk da haka sassa da dama ba sa musanyuwa. Gidan harsashi na Beljiyam yana shiga ta Ingila, amma na Ingila ba ya shiga ta Beljiyam. A yaƙin Falkland na 1982 sojojin Ingila da na Ajantina sun fuskanci juna da waɗannan 'yan'uwan bindigogi biyu.

Misali na biyu daga Tarayyar Sobiyet yake. Yawancin tsofaffin AK-47 an sassaƙo gangar jikinsu ne daga dunƙulen ƙarfe. A 1959 aka fito da AKM, wadda ake lanƙwaso tata daga fallen ƙarfe domin rage nauyi da kuɗi. Gidan harsashi bai canza ba, amma katakon gindin tsohuwar ba ya zama a kan sabuwar. Abin lura a nan shi ne, suna ɗaya ko kama ɗaya ba ya tabbatar da awo ɗaya.

Darasin a gona

Tun daga Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, injunan noma iri-iri suke shigowa wannan yanki. Tsofaffin taraktocin Massey Ferguson ƙirar Ingila suna ɗauke da notuna masu awon inci, alhali injunan Japan da Sin da na nahiyar Turai awon milimita suke bi. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Don haka sifana mai rabin inci milimita 12.7 ce. Idan aka sa mai lamba 13 a madadinta za ta kama, amma da ɗan sako-sako, kuma a hankali sai ta cinye kan notin.

Matsalar ta fi tsanani a zaren noti, wato tsagar da ke kewaye da shi. Noti mai milimita 8 da mai inci 5/16, wanda ya yi daidai da milimita 7.94, kusan kauri ɗaya gare su. Amma tazarar zaren na farko milimita 1.25 ce, ta na biyu kuwa, idan mai manyan zare ne, kimanin 1.41. Zai fara shiga kamar gaske, bayan murɗi biyu ko uku sai ya cije. Wanda ya tilasta shi ya lalata ramin.

Akwai kuma tsufa. Silindar injin da ya daɗe yana aiki takan zaizaye ta ƙara faɗi, sai sabon fistin ya yi mata kaɗan, inji ya riƙa shan mai yana hayaƙi. Shi ya sa ake gyara faɗin silindar a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50.

A jikin halitta

Ɗalibin ilimin halittu ba zai ga wannan ƙa'ida baƙuwa ba. Jinin kowa ja ne, amma a 1901 Karl Landsteiner ya nuna cewa rukuni-rukuni ne, kuma ƙara wa mutum wanda bai dace da nasa ba na iya halaka shi. Haka nan mai auren itatuwa yakan ɗora reshen lemun zaƙi a kan gindin wani lemun, amma ba ya ɗora shi a kan mangwaro.

Kammalawa

Kafin a sayi kayan gyara, ya kamata a rubuta lambar samfurin injin da lambar ƙarfen, a tafi da tsohon kasuwa, a kuma auna maimakon dogaro da ido. Noti kuwa a fara murɗa shi da hannu. In ya cije, a dakata. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Aikin ɗalibai

1. Sifana mai inci 3/4 milimita nawa ce? Wace lamba ce ta fi kusa da ita a awon milimita?
2. Bayan murɗi biyar, milimita nawa ne bambanci tsakanin zare mai tazarar 1.25 da mai 1.41?
3. Malami ya raka ɗalibai wurin bakanike mafi kusa, su tambayi waɗanne sassan tsohon inji ne sababbi ke ƙin shiga, sannan su rubuta dalilan.