Kafin Ka Ce Wa Yaro Daƙiƙi

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata kalma wadda ba a koya mana ita a kwalejin nan, ba ta kuwa cikin littattafanmu, amma da wuya ka sami makarantar da ba a jin ta kullum. Kalmar nan ita ce "daƙiƙi". Ba ta da wuyar faɗi, amma in aka ɗora wa yaro ita, ya kan ɗauke ta har girmansa. Abin da na ke so mu duba cikin darasin nan shi ne, galibin yaran da a ke kira haka akwai abin da ya tsai da su, malami kuwa yana iya gano abin da alli da kwali da haƙuri. Ruwa ba ya tsami banza.

Na yi koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare a Kubwa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, can kuwa na ɗebo misalaina. Asalin wurin na Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko zuwa Abuja cikin 1991, sai ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya a Garki da Wuse da Maitama ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa, har Kubwa ta zama babban gari. Saboda haka a benci guda sai ka ga ɗan Gbagyi, da Bahaushe, da ɗan Ibo, da Bayarabe, da ɗan Tibi. Iyaye da yawa tun asuba su ke kama hanyar birni, ba su komowa sai dare, ba mai duba littafin yaro a gida. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya sami karatun shekara 9 kyauta, kuma tilas. To, doka ta kawo su aji, amma ba ta mai da su iri ɗaya ba.

Ga abubuwa shida da ya kamata malami ya bincika, bi da bi.

1. Ido

Yaron da ba ya ganin allo sosai ba zai faɗa maka ba, domin shi a zatonsa haka kowa ke gani. Alamunsa su ne, yana ƙanƙance ido, yana kai littafi kusa da hanci, yana kwafe aiki daga littafin maƙwabcinsa maimakon allo. Sau da yawa shi a kan buga a kan satar amsa.

Wani likita mutumin Holan, Herman Snellen, ya shirya allon gwajin ido cikin 1862, har yau kuwa da shi a ke aiki. A kan tsai da mutum nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya karanta haruffa daga manya zuwa ƙanana. Ga yaran da ba su san haruffa ba tukuna, akwai irin wanda harafin E kaɗai ke jikinsa, yana fuskantar sama ko ƙasa, dama ko hagu, yaro ya nuna da yatsunsa inda ƙafafunsa suka nufa. In ba ka sami na asibiti ba, zana naka a kwali, ka gwada yara duka a wuri guda. Wanda ya kasa ganin abin da sauran suka gani, ka dawo da shi bencin gaba, ka aika wa iyayensa su kai shi a duba.

Kada a manta da zabiya. Yawancinsu idonsu ba shi da ƙarfi, haske kuma yana damunsu. A zaunad da shi kusa da allo nesa da taga, a bar shi da hularsa, kada a tsai da shi cikin rana.

2. Kunne

Ƙyanda da sanƙarau da ciwon kunne mai zub da ruwa duk su kan rage ji. Yaron da ya rasa ji gaba ɗaya kowa ya san shi. Wanda ya fi shan wahala shi ne mai ji rabi-rabi, don shi a ke cewa mai taurin kai. Ka tsaya bayansa kamar tsawon hannu, ya toshe kunne ɗaya, ka raɗa masa lambobi, ya maimaita. In ya kasa, ka san inda maganar ta ke. Daga ran nan kada ka yi bayani kana fuskantar allo. Rubuta tukuna, ka juyo, sa'an nan ka yi magana, domin da bakinka ya ke cika abin da kunnensa ya zubar.

3. Harshe

Wannan shi ya fi yawa a Kubwa. Yaro ya zo daga ƙauye cikin makon jiya, ba ya jin Turanci, ba ya jin Hausa, ko Turancin Buroka da yara ke wasa da shi bai kama ba. Ka tambaye shi bakwai a tara da biyar, ya yi shiru. Amma aike shi kasuwa da Naira ɗari biyar, ka ga ko za a cuce shi a canji. Lissafi yana kansa, ƙofar fitowa ce babu.

Cikin 1970 Shehun Malami Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ife, inda aka koya wa yara darussa da Yarabanci har shekara shida ta firamare, Turanci kuwa aka koyad da shi kamar sauran darussa. Yaran nan ba su gaza wa waɗanda aka koyar da Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi su. A Kubwa ba mu da harshe guda da za mu ce na kowa ne, amma muna da yara. Ka rubuta harshen gidan kowane yaro a gefen sunansa. Baƙo ya zauna kusa da wanda ke jin harshensa, ka ba su izini su yi magana ƙasa-ƙasa. Ka yawaita kayan da hannu ke taɓawa, kamar marafan kwalba don ƙirga, da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma. Gani ya kori ji.

4. Ciwo da yunwa

Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da a ke haifa da amosanin jini, watau sikila, saboda haka da wuya babbar makaranta ta rasa mai shi. Irin wannan yaro ya kan ɓace mako biyu, musamman da sanyin damina ko na hunturu, ya komo ya tarar an wuce shi. Yana bukatar shan ruwa da yawa, don haka kada a hana shi fita bayan gida. Kada a sa shi tsallen kwaɗo ko durƙuso a rana. Sa'ad da ya ke kwance, a aika masa da aikin mako ta hannun wani yaro na unguwarsu.

Wanda kuma ke gyangyaɗi tun ƙarfe tara, ka tambaye shi a asirce ko ya karya kumallo, da kuma lokacin da ya komo daga talla jiya. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

5. Wanda haruffa ke rikice masa

Cikin 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai wayo, mai iya lissafi, idonsa lafiya lau, amma karatu ya gagare shi. Yanzu masana sun san wannan hali sarai, suna ce da shi disleksiya. Ba lalaci ba ne, ba kuwa aikin iska ba. Wahalar tana wajen haɗa harafi da sautinsa. Mu masu koyad da Hausa sai mu lura ƙwarai, domin muna da b da ɓ da d da ɗ, 'yan'uwa huɗu masu kama da juna. A aji ɗaya ko na biyu kowane yaro ya kan juya su, wannan ba kome. Amma in ya kai aji huɗu yana yi, alhali in an tambaye shi da baki yana amsawa daidai, to, a tsaya a kansa. A koya masa harafi ɗaya-ɗaya, ya rubuta da yatsa cikin rairayi, ya gina da yumɓu, yana faɗin sautin da ƙarfi. Wani sashi na jarrabawarsa a yi masa da baki.

A nan ne zan sa bahago da mai in'ina. Bahago a bar shi da hannunsa, a sa shi ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannu ta riƙa karo. Mai in'ina kuwa a jira shi, kada a ƙarasa masa magana, kada kuma a bar aji su yi dariya.

6. Mai saurin fahimta

Shi ma yana cikin lissafi, ko da ya ke sunan da a kan ba shi dabam ne, watau fitinanne. Ya gama aikinsa cikin minti biyar, sauran minti talatin ya rasa abin yi sai tsokana. Kada ka ƙara masa irin aikin da ya gama, wannan horo ne a kan ƙoƙari. Ka ba shi wanda ya fi wuya, ko ka ce ya ƙago tambayoyi uku don aji.

Yadda za a shirya aji

Na san abin da wani zai ce: malami ɗaya, aji cike maƙil, yaya za a yi? Amsar tana kusa da mu. Ni makarantar mishan na yi, amma na zauna na kalli makarantar allo a Kubwa, na kuwa ƙaru. Yara masu yawa, malam ɗaya, amma kowane yaro da allonsa, kowa a inda karatunsa ya tsaya. Ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai, gardawa kuma suna biya wa ƙanana. Ba wanda a ke ja gaba don shekara ta ƙare.

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta bi hanya mai kama da wannan, watau koyarwa daidai da matsayin yaro, an kuwa gwada ta a Jihar Borno tun 2018. Ga yadda a ke yi. A kira yaro shi kaɗai, a gwada shi a kan matakai biyar: wanda bai san harafi ba, mai sanin haruffa, mai karanta kalma, mai karanta 'yan jimloli, da mai karanta labari. Minti kaɗan ya isa kowane yaro. Sa'an nan a ware wani lokaci kowace rana, a raba yara bisa ga matakin da su ke, ba bisa ga shekarunsu ba. Malami ya fi daɗewa wurin na ƙasa, masu karanta labari su taimaki masu kalma. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya haura.

Abu biyu sai a kiyaye. Kada a raɗa wa ƙungiyoyin sunan da zai kunyata wani. Sunayen itatuwa sun isa, kamar Kuka da Tsamiya da Ɗorawa. Kada kuma ƙungiya ta zama gidan zama, ƙofa kullum a buɗe ta ke.

Inda ƙarfin malami ya ƙare

Akwai yaran da bukatarsu ta wuce abin da muka koya, ba kuwa mu ne farkon masu tunaninsu ba. Mishan ta S.U.M. ta buɗe makarantar makafi a Gindiri cikin 1953. Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe ta kurame a Ibadan cikin 1960. Tun 1977 akwai kwalejin tarayya a Oyo mai horad da malaman irin waɗannan yara. A nan Abuja akwai makarantar makafi a Jabi, da ta kurame a Kuje. Taron Salamanka na ƙasar Sifen cikin 1994 ya yi shawara cewa makarantun kowa da kowa su karɓi yara duka gwargwadon iko, dokar hana wariya ga naƙasassu kuma, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu ba tare da an ware su ba. Saboda haka aikinmu shi ne mu riƙe wanda za mu iya riƙewa, wanda kuwa ya fi ƙarfinmu mu nuna wa iyayensa hanya ta hannun hedimasta, kada ya ƙare a zaune a gida.

Wajen iyaye kuwa sai da dabara. Kada ka aika cewa ɗansu ba ya ja. Ka gai da su da ladabi, ka fara da abin da yaron ya iya, sa'an nan ka ce, "Baba, na lura in ya zauna a baya ba ya ganin allo, ko za a kai shi a duba idon?" Uban da aka gaya wa ɗansa daƙiƙi ne, cire shi zai yi ya sa shi tallan ruwa a bakin titi. Wanda aka gaya wa tabarau ne ya rage, zai nemo kuɗinsa.

Shawarata ta ƙarshe ga waɗanda za su fita koyon aiki bana ita ce, kowa ya sayi ƙaramin littafi, ya ba kowane yaro shafi guda: harshensa, idonsa, kunnensa, lafiyarsa, matakin karatunsa, da abu ɗaya da ya iya ƙwarai. In za ka tashi, ka bar wa malamin ajin. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma sai an san irin iccen. Allah ya ba mu haƙuri da basira, amin.