Kama ɗakin otal: ta intanet ko kai tsaye?

Wani ɗan kasuwa daga Guna, cikin gundumar Mirya, ya aiko da tambaya. Yakan kwana a Damagaram kafin ya kama hanyar Matamaye zuwa Kano sarin atamfa a Kantin Kwari. Ɗansa ya nuna masa a waya cewa ana iya kama ɗaki ta Booking.com, shi ne yake son sanin inda kuɗinsa zai fi auki.

Alhaji, ka duba farashi a shafin, amma ciniki ka yi shi da mai otal, baki da baki. Sai in tafiyar ta nesa ce, can inda ba ka san kowa ba.

Shafin nan dillali ne, dillali kuwa da la'ada yake ci. An kafa Booking.com a ƙasar Holan a 1996, kuma otal-otal ɗin da yake tallatawa ba nasa ba ne. Duk baƙon da ya kawo, mai otal yana biyansa galibi wajen kashi 15 cikin 100, wani lokaci fiye. A ce ɗakin jika 20 ne a dare. Jika 3 sun tafi, mai otal ya tashi da 17. In ka kira shi ya bar maka a jika 18, ka rage 2, shi ma ya samu ƙarin 1. Wanda zai yi kwana huɗu ko biyar ya fi kowa bakin magana, domin ɗakin da ya kwana ba kowa asara ce da ba ta dawowa.

Shekara da shekaru irin waɗannan shafuka suna gindaya wa otal sharaɗin kada ya sayar ƙasa da farashinsu. Faransa ta haramta hakan a 2015, a Satumban 2024 kuma kotun Tarayyar Turai ta ce sharaɗin ba dole ba ne ga gudanar da sana'ar. Dokokin can ba su shafe mu ba, amma ko a nan farashin da aka buga a fili aka fi sa wa ido. Ragin da manaja zai yi maka a waya, ko karin kumallon da zai ƙara maka kyauta, tsakaninku ne.

A Damagaram ma batun bai kai nan ba. Yawancin masaukan garin da waya da sanayya suke aiki, kuma hoton da ka gani a intanet wataƙila ya shekara nawa da ɗauka. Ka tura ɗan'uwa ya leƙa ɗakin, ya murɗa famfo, ya kunna fanka. Kowa ya san matsalar ruwa a garin nan, saboda haka ka tambaya ko akwai tanki. Ka tambaya in wuta ta ɗauke ko ana tada inji, kuma har asuba yake kaiwa ko sha biyun dare ake kashe shi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗaki mai arha da ba wuta azaba ce kawai aka saya. Ka kuma lura da lokaci: ranakun hawan Sallah a fadar Sarkin Damagaram, ko shekarar da kokowar ƙasa ta faɗo kan garin, ɗakuna na cika, sai a kama tun da wuri ba tare da jiran ragi ba.

Kano kuwa otal-otal da yawa suna kan Booking.com da Hotels.ng, wanda Mark Essien ya kafa a 2013, don haka kwatanta farashi ya yi sauƙi. Inda ake cin mutanenmu shi ne wajen canji. In ka biya da katin bankinka na sefa, banki zai juya kuɗin da farashinsa, ya ɗora nasa cajin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 darajarta ba ta zama wuri ɗaya, shi ya sa na fi son ka canza a Wapa ka biya naira a hannu, a ba ka rasit. Kafin ka ce ka saya, ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima suna ciki, don kada ranar fita a miƙo maka wani lissafi daban.

In Umara za ka, ko Dubai, Istanbul ko Guangzhou, a nan shafin yana da rana. Za ka samu takardar shaida a rubuce, wadda ake nema wajen biza a ƙasashe da dama, ka kuma karanta abin da baƙin da suka riga ka suka faɗa. Sau da yawa za ka ga farashi biyu a ɗaki ɗaya: mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗi, da mai ɗan tsada wanda za ka iya fasawa. Ɗauki na biyu. Duk wanda ya ga yadda iyakar Nijar da Najeriya ta rufe bayan Yulin 2023, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024, ya san tafiya na iya watsewa dare ɗaya.

Bayan ka kama, kira otal ɗin ka ji ko sunanka ya iso wurinsu. In saƙo ya zo maka ta WhatsApp cewa ka tura kuɗi ko lambar katinka cikin gaggawa in ba haka ba za a soke ɗakin, kada ka taɓa komai, ka nemi otal ɗin ta lambar da ka riga ka sani. A gida ma, in an nemi kafin alƙalami ta Nita ko Airtel Money, kuɗin dare ɗaya ya isa, sauran sai ka ga ɗakin da idonka.