Masu Rubuta Manhaja, Ku Kula da Agogo Idan Na'ura Ta Yi Barci

Idan kwamfuta ko waya ta shiga barci, bugun agogon da tsarin aikinta ke ƙirga lokaci da shi yakan tsaya cak. Ɗan agogon RTC ne ke zama a farke, kuma shi ke iya tayar da ita.

Saboda haka ka san agogon da ka dogara da shi. A Linux, CLOCK_MONOTONIC ba ya lissafa lokacin barci. In ka saita ƙararrawa ta minti 30, na'ura ta yi barcin awa biyu a tsakani, ƙararrawar za ta makara da awa biyun nan cif. CLOCK_BOOTTIME, wanda ya shigo a 2011, yana lissafa barcin, amma ba ya tayar da na'ura. In tayarwa kake so, ɗauki CLOCK_BOOTTIME_ALARM ko CLOCK_REALTIME_ALARM, tare da izinin CAP_WAKE_ALARM.

A Android kuwa, tun daga sigar 6.0 tsarin Doze yana jinkirta ƙararrawa don tattalin batir. Manhajar tashin sahur ko ta shan magani ba ta jure jinkiri, sai ka yi mata amfani da setAlarmClock.

Da zarar na'ura ta farka, sake karanta agogo, kada ka yarda da tsohon lissafi. In tunatarwa da yawa sun wuce tana barci, haɗa su a sanarwa guda, kada su yi wa mutum rubdugu.

Kafin ka saki manhajar Linux, gwada ta da rtcwake -m mem -s 60. Umarnin zai kwantar da kwamfutar, ya tashe ta bayan daƙiƙa 60.